Dokar Kunnen Doki da Farfelar Ƙananan Jirage

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan fi wanda aka saba ba masu wasiƙa faɗi, domin in yi magana a kan wani abu da ya shafi yaranmu masu koyon tuƙin jirgin sama. Ni ba matuƙi ba ne. Sana'ata gyaran injin ƙananan jirage masu fistin, na kuma ƙarar da mafi yawan shekarun ƙarfina a wata hanga, wato rumfar ajiye jirage da gyaransu, da ke gefen filin jirgin sama na Murtala Muhammed a Ikeja, ina kwana a Agege, inda jirage ke bi ta saman rufinmu har mun daina ɗaga kai. Wanda ya daɗe yana kwance injin da wasu suka tuƙa yakan san halin hannun mutum ko bai taɓa ganin fuskarsa ba, domin fistin da fulogi ba sa rufa wa kowa asiri.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa shi ne ɗan ƙanena, wanda ya dawo daga wata makarantar tuƙi a ƙasar waje da lasisinsa a hannu, ya sauka a wurina yana neman aiki. Wata Asabar na tafi da shi hanga, na zaunar da shi a kujerar wani tsohon Cessna 182 da muke dubawa, injin a kashe, na rufe agogon matsin manifol, wato mai auna matsin iskar da ke shiga injin, da tafin hannuna, na ce ya faɗa mini inda allura take. Ya ce, "Baffa, ai injin ba ya aiki, sifiri za ta nuna." Da na ɗauke hannu ya ga allura tana daf da inci 30, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko agogon ne ya lalace. Agogo lafiyarsa ƙalau, shi ma yaron ba shi da laifi, domin duk sa'o'in da ya tara a sama ya tara su ne a jirgi mai liba ɗaya, wanda kwamfuta ke lura masa da farfela da mai. Abin da kawai ya haddace game da jirgi mai liba uku, ta totur da ta farfela da ta mai, shi ne wata doka da ya ji a bakin manya, wai kada lambar manifol ta taɓa wuce lambar juyin injin, a bar su kunnen doki, 25 da 25 ko 23 da 23, wato inci 25 da juyi 2,500 a minti, ko inci 23 da juyi 2,300. Wannan dokar ce nake so mu zauna mu duba, amma ba za a gane inda ta gaza ba sai an fara gane abin da agogunan biyu ke faɗa.

Agogon manifol yana auna matsin iskar da ke cikin bututun da ke kai iska ga silinda, a bayan bawul ɗin totur, kuma yana lissafi da incin zaiba. Idan injin a kashe yake, iskar da ke cikin bututun ita ce iskar waje, saboda haka agogon ya zama ma'aunin matsin iskar gari kawai. Matsin da aka ɗauka a matsayin mizani a bakin teku inci 29.92 ne, filin Ikeja kuwa tsayinsa daga bakin teku ƙafa 135 ne, shi ya sa yaron ya ga abin da ya gani. Da zarar an tayar da injin aka bar totur a rufe, fistin na zuƙa amma ƙofa a toshe, sai allura ta faɗo zuwa wajen inci 12. Idan aka buɗe totur gaba ɗaya sai ta koma inci 28 ko 29, ba ta kai na waje cif ba saboda abin da matatar iska da lanƙwasar bututu ke ragewa. Ke nan a injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin iska da ƙarfi, totur ba ya tura wa injin komai, hana shi numfashi yake yi, kuma agogon yana gaya wa matuƙi yawan numfashin da ya bar masa.

Ita kuwa farfela, tsohuwar irin mai kafaffun fukafukai tamkar mota ce mai giya ɗaya tal. Idan aka ƙera ta don tashi da hawa sai ta yi ta ihu ba gudu a tafiyar miƙe, idan kuma aka ƙera ta don gudu sai ta yi nauyi a kan titin tashi. Maganin wannan shi ne farfelar da ake iya murɗa fukafukanta a cikin tafiya, wadda kamfanin Hamilton Standard na Amurka ya sami lambar yabo ta Collier a kanta ta shekarar 1933, daga baya aka haɗa ta da na'urar da ke yin murɗin da kanta. Makanikai suna kiran na'urar gwamna, kamar yadda suke kiran ta janareta, sunan kuma ya dace da ita domin ba ta shawara da kowa. A cikinta akwai wasu ƴan ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da injin, da sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, da ke danne su, da ƙaramin bawul mai buɗe wa baƙin mai hanya. Shuɗiyar liba da ke hannun matuƙi ba ta taɓa farfela kai tsaye, sifirin ɗin nan kawai take matsewa ko sassautawa. Idan juyin injin ya wuce abin da aka zaɓa, ƙarafan sukan buɗe waje su ɗaga bawul, baƙin mai ya bi ta cikin karanshaf ya shiga cibiyar farfela ya murɗa fukafukan su ƙara cizon iska, nauyi ya ƙaru a kan injin, juyi ya dawo inda yake. Idan juyi ya yi ƙasa sai abin ya juya, mai ya koma, fukafukan su rage cizo. Haka take a mafi yawan jirage masu injin ɗaya, shi ya sa idan matsin baƙin mai ya ɓace farfela takan koma ƙaramin cizo, juyi ya nemi ƙwacewa. A jirage masu injin biyu an juya tsarin da gangan, ta yadda rashin mai zai kai fukafukan su miƙe da kaifinsu ga iska, don kada matacciyar farfela ta riƙa jan jirgin gefe guda.

Daga nan za a ga cewa a irin wannan jirgi babu agogo ɗaya da ke nuna ƙarfin injin. Baƙar liba, wato totur, tana riƙe da matsin manifol, shuɗiya tana riƙe da juyi a minti, ja kuma tana riƙe da yawan man da ake cakuɗawa da iska, kuma ƙarfin da ke fita ɗan su ukun ne. Akwai wata ƴar gwaji da nake so kowane ɗalibi ya gani da idonsa. A tafiyar miƙe, a bar totur inda yake, a ja shuɗiyar liba baya daga juyi 2,400 zuwa 2,200, za a ga allurar manifol ta ɗan hau. Mai kallon lamba kawai zai ce ƙarfi ya ƙaru, alhali raguwa ya yi, domin fistin sun rage yawan zuƙarsu ne, iskar da ke bayan totur ta sami sararin taruwa.

Tsarin da ake koyarwa na motsa libobin daidai ne, ba ni da ja a kansa. Idan za a ƙara ƙarfi, a fara da jar liba a wadata injin da mai, a tura shuɗiya, sannan totur daga ƙarshe. Idan za a rage, a fara janye totur, sannan farfela, sannan a gyara mai. Duk wanda ya taɓa bin tirela a Hawan Kibo ya san dalilin, domin direban da ya bar mota a babbar giya ya taka totur har ƙasa a tsakiyar hawa zai ji injin na ƙwanƙwasa yana rawa, mai hankali kuwa yakan sauko da giya tukuna kafin ya taka. A cikin silinda, idan iska da mai suka shigo da yawa fistin kuma yana tafiya a hankali, matsi da zafi sukan kai ƙololuwa tun fistin bai yi nisa da sama ba, kuma idan abin ya wuce iyaka ragowar man yakan fashe gaba ɗaya maimakon ya ci a hankali. A mota kunne yana jin wannan ƙwanƙwasa, a jirgi kuwa ƙarar farfela ta rufe ta, sai dai a gan ta a agogon zafin kan silinda, ko a gan ta a kan teburina bayan an kwance.

To amma daga wannan gaskiya aka yanko dokar kunnen doki, aka mai da ita kamar saukakkiya, kuma a nan ne nake da magana. Da farko dai lambobin biyu ba su da wata dangantaka ta asali, haɗuwa ce kawai ta ma'auni. Da a ce da hektofaskal ake auna manifol, kamar yadda hasumiyar Ikeja ke ba matuƙa matsin iska, da inci 25 ya zama wajen 847, da kuma ba wanda zai yi tunanin gwada shi da juyi 2,500. Na biyu, kusan kowane jirgi irin wannan yana karya dokar a daidai lokacin da injin ya fi shan wahala, wato lokacin tashi. Cessna 182 na baya-bayan nan mai injin Lycoming IO-540 yana ba da ƙarfin doki 230 ne a juyi 2,400, nan ne iyakarsa, kuma idan ya tashi daga Ikeja allurar manifol tana kusa da inci 29. Injin mai turbo kuwa kullum a saman kunnen doki yake yini. Na uku, kamfanonin da suka ƙera injinan da jiragen su da kansu suka buga jadawalin da ya halatta hakan. A jadawalin Piper Arrow mai ƙarfin doki 200, ana samun kashi 65 cikin ɗari na ƙarfi a bakin teku ko dai da juyi 2,400 da kusan inci 23, ko kuma da juyi 2,100 da kusan inci 26. Na biyun ya haura kunnen doki da inci biyar, kuma yana cikin littafin jirgin baƙi a kan fari.

Amfanin zaɓen ƙaramin juyi ba ɓoyayye ba ne. Gogayya a cikin injin tana raguwa, ƙara tana raguwa a kunnen fasinja, farfela takan fi cin moriyar iska, mai kuma yakan fi auki. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1944 Charles Lindbergh, wanda ya tsallaka Tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, ya je fagen yaƙin yankin Fasifik ya nuna wa matuƙan jirgin P-38 cewa idan suka rage juyi, suka ɗaga matsin manifol, suka tsuke mai, za su ƙara nisan zangonsu sosai, duk da fargabar da wasu suka yi cewa injinan za su lalace. A ƙasar da man afgas, wato fetur ɗin jirage masu fistin, ke da tsada da wuyar samu irin tamu, matuƙin da ke yini a juyi 2,500 saboda tsoron wata doka da ba ta cikin littafinsa yana ƙona kuɗin maigidansa ne a banza.

Kada a ɗauka ina cewa a ja shuɗiyar liba yadda aka ga dama. Iyaka tana nan, sai dai a littafin jirgi take, ba a bakin manya ba. Kowane injin yana da mafi girman matsin da aka yarda masa a kowane juyi, wasu jiragen kuma suna da wani yanki a agogon juyi da aka shafa wa ja ko rawaya, inda aka hana zama na dogon lokaci saboda a nan ne girgizar karanshaf da ta farfela ke haɗuwa su yi ta ƙaruwa har ƙarfe ya gaji. Matuƙin da ya haddace kunnen doki bai buɗe littafi ba zai iya zama daram a tsakiyar wannan yanki yana ganin ya bi doka.

Abin da na fi gani yana kashe silinda shi ne haɗuwar abubuwa uku, babban matsi, da tsukakken mai, da ƙarancin iskar sanyaya, kuma hanyar da suka fi haɗuwa ita ce saukowa. Matsin iska yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 da aka hau, saboda haka mai hawa dole ya riƙa ƙara totur kaɗan kaɗan, har ya kai inda totur ya ƙure. A wajen ƙafa 8,000 injin marar turbo ba ya wuce inci 21 ko 22 ko an buɗe masa komai, kuma a nan ba abin da matuƙi zai yi da jar liba da zai jawo fashewar mai cikin sauƙi. Amma abin da hawa ya karɓe, saukowa tana mayar da shi. An taɓa kawo mana wani jirgi mai silinda shida da ya taso daga Arewa a lokacin hazo. Matuƙin ya yi tafiyarsa a sama da totur a ƙure, juyi 2,200, mai a tsuke, duk daidai. Da ya fara saukowa hankalinsa ya tafi ga rediyo da neman hanya a cikin ƙura, bai taɓa liba ko ɗaya ba, sannan aka ce ya tsaya a ƙasa-ƙasa ya yi ta kewayawa har manyan jirage su sauka. A lokacin allurar manifol ta haura da wajen inci shida, iska ta yi kauri man da ke shiga bai ƙaru daidai da ita ba, ƙofofin sanyaya injin kuma a rufe. Ya sauka lafiya, abin da kawai ya rubuta shi ne injin ya ɗan yi gargada. Da muka cire fulogi na silinda ta biyar, farin tangaran ɗin bakinsa ya tsage, da muka zare silindar kuma muka tarar da kan fistin fes kamar an wanke shi da yashi, gefensa ya zaizaye, zobe ɗaya ya karye gida uku. Na ajiye fistin ɗin a kan teburina shekaru ina nuna wa duk matuƙin da ya shigo shan shayi. Abin lura shi ne da mutumin nan ya ɗan janye totur a kowace ƙafa 1,000, ya ƙara mai, ya kalli agogon zafi sau ɗaya, da ba abin da ya faru. Kamfanin Lycoming ya sa jan layin zafin kan silinda a digiri 500 na Farenhait a yawancin injinansa, Continental kuma 460, amma duk makanikin da ke son injin ya kai wa'adinsa zai ce a tsaya a 400 ko ƙasa, wato wajen digiri 204 a ma'aunin da muka saba.

Akwai kuma abin da agogon manifol ba ya gani, wato zafin gari. Jadawalin littafi an gina shi ne a kan rana mai digiri 15 a bakin teku, ranar da Legas ba ta taɓa gani da tsakar rana ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma ana lissafin cewa kowane digiri ɗaya sama da mizani yana daidai da hawa ƙafa 120. Ke nan da azahar mai digiri 32 a Ikeja, injin da fukafukai suna jin kamar suna ƙafa 2,000 ne, ga kuma laimar teku da ke cin gurbin iskar da mai zai ci da ita, alhali allurar manifol tana nuna inci 29 ɗinta kamar kullum. Wanda ya saba da dogon titin Ikeja ba zai ji a jikinsa ba, sai ranar da aka aike shi Jos, inda filin jirgin ya haura ƙafa 4,000. A can totur a ƙure ba zai ba shi fiye da inci 25 ba, idan kuma rana ta yi zafi jirgin zai ɗauka yana wajen ƙafa 7,000. Matuƙin da ya san lissafin inci ɗaya a ƙafa 1,000 zai san abin da zai gani tun kafin ya saki birki, ba zai firgita ba, kuma idan ya ga ƙasa da haka zai san akwai matsala tun yana da sauran titi a gabansa.

Wani halin gwamna da ya kamata a ji tsoro shi ne iya rufa asirin injin marar lafiya. A jirgi mai kafaffiyar farfela, idan ƙarfi ya ragu juyi yakan faɗi, kunne ma ya ji. A nan kuwa gwamna yana rage cizon farfela ya riƙe juyi daram, sauti bai canza ba, allurar juyi ba ta motsa ba, ƙarfi kuwa yana zurarewa. Misali mafi kusa shi ne ƙanƙarar kafireta. Mutane sukan yi dariya idan aka ambaci ƙanƙara a Legas, amma iska tana yin sanyi ƙwarai a maƙogwaron kafireta saboda faɗuwar matsi da tururin mai, kuma iskar damina a nan cike take da ruwa, don haka ƙanƙara tana iya taruwa ko da zafin waje ya kai digiri 30, musamman idan totur a janye yake. Tsofaffin Cessna 182 masu injin Continental O-470 sun yi suna a kan haka. Alamar farko a irin wannan jirgi ita ce allurar manifol tana zamewa ƙasa a hankali ba tare da an taɓa komai ba kuma ba hawa ake yi ba. Idan aka ja zafin kafireta za ta ƙara faɗuwa kaɗan, injin ya yi tari yana haɗiye ruwan, sannan ta hau ta wuce inda take.

Gwajin da ake yi a ƙasa kafin tashi shi ma ba al'ada ba ce kawai. Idan matuƙi ya kai injin juyin gwaji ya ja shuɗiyar liba baya, ya kamata idonsa ya ga juyi ya faɗi, manifol ya ɗan hau, matsin baƙin mai ya ɗan girgiza, kunnensa kuma ya ji farfela ta yi gurnani mai kauri, sannan ya mayar da liba da sauri kafin juyi ya faɗi da yawa. Ni daga bakin hanga nakan gane jirgin da ya daɗe a ajiye, domin farfelarsa takan yi jinkirin amsawa, sai an maimaita kafin mai ɗumi ya kori tsohon da ke cikin cibiya. Dalmar da ke cikin afgas tana barin wani toka-tokan laka a cikin karanshaf da cibiyar farfela, ƴar ragar da ke ƙarƙashin gwamna ma takan toshe, sai a ji juyi yana hawa yana sauka shi kaɗai a sama. Iskar gishirin Legas kuma ba ta raga wa ƙarfe, shi ya sa masu ƙera farfela suka sa wa'adin kwancewa da sa'o'i da kuma shekaru, sau da yawa shekara 5 ko 6, duk wanda ya riga cika. Masu jirage sukan yi gunaguni cewa farfelar ba ta yi aikin kirki ba a tsawon lokacin, ni kuwa wadda ta zauna ɗin ce na fi tsoron buɗewa.

A matsayina na mazaunin Agege ina da wani ƙorafi ƙarami game da sauka. Daidai ne a tura shuɗiyar liba gaba kafin a taɓa ƙasa, domin idan aka fasa sauka a sami cikakken ƙarfi nan take. Amma wasu sukan banka ta gaba tun jirgi yana da gudu da ƙarfi, sai juyi ya yi tsalle, farfela ta kwarma ihu a kan gidajen mutane. Farfela mai faɗin inci 80 a juyi 2,700, bakin fukafukanta yana gudun da ya haura kashi 80 cikin ɗari na gudun sauti, daga nan ne wannan tsawar take fitowa. Idan aka jira har an janye totur gudu ya ragu, farfela ta riga ta kwanta a ƙaramin cizonta, to ko an tura libar ba wanda zai ji komai, ba a cikin jirgi ba, ba a ƙasa ba, kuma karanshaf ya huta da fizga.

Ban ƙi jirage masu liba ɗaya ba. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen TB-9 da TB-20 da Baron 58, daga baya ta kawo jiragen Diamond masu injin da ke shan man Jet A1, wato kananzir ɗin manyan jirage, kuma wanda ya san wahalar afgas a ƙasar nan ba zai ga baiken wannan shawara ba. Farfelar waɗannan jiragen ma mai gwamna ce, kwamfuta ce dai ke zaɓa mata juyi, ta nuna wa matuƙi ƙarfi da kashi cikin ɗari. Sai dai tsofaffin jirage masu liba uku ba su ƙare ba, suna nan a hannun masu zaman kansu da masu ɗaukar hoton ƙasa daga sama, kuma sau da yawa su ne aikin farko da sabon matuƙi ke samu. A Amurka doka ta ce sai malami ya horar da mutum ya sa masa hannu a littafin sa'o'insa kafin ya tuƙa jirgi mai naɗe ƙafa da farfela mai murɗawa, a Turai ma ana neman horon bambanci kafin a koma daga wannan iri zuwa wancan. Roƙona ga masu jirage da manyan matuƙanmu shi ne kada su mai da irin wannan horo zagaye biyu da sa hannu. A zaunar da yaro da jadawalin jirgin da zai tuƙa, a sa shi ya nemo haɗi uku na juyi da matsi da ke ba da kashi 65 a tsayin da zai bi, a hau da shi ya gwada kowanne ya ga man da yake sha da zafin da yake kawowa, a kuma sauko da shi daga ƙafa 8,000 idonsa a kan allurar manifol. A turo shi hanga ma ya yini ɗaya, ya riƙe gwamna a hannunsa ya ga ƙarafan nan suna buɗewa.

Ɗan ƙanena ya yi sati uku yana bi na aiki kafin ya sami kira. Littafin Cessna ɗin nan ya kwashe zuwa gida, kuma ranar da zai tafi ya same ni ina alwala ya ce, "Baffa, idan na kashe injin a Jos, wajen inci 25 da ɗoriya zan gani ko?" Na ce masa idan ya isa ya duba ya bugo mini waya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon makanikin jirage,
Agege, Legas.